Ragunan Injiniya Sumana

Duk unguwar Asawase ta Kumasi babu wanda bai san muryar Sumana ba. Samartakarsa kaf a ƙofar trotro, bas ɗin haya, ya ƙarar da ita, rabin jikinsa a waje, yana kwarara kiran fasinja daga Kejetia zuwa Tafo. Direbobi sun shaide shi da iya kira, sun kuma shaide shi da rashin iya shiru. Wanda ya sallame shi na ƙarshe ya rantse Sumana bai taɓa ɗaukar masa ko kwabo ba, shi dai ya gaji da yaron mota mai koya wa direba tuƙi. Daga nan Sumana ya tare a gidan yayarsa Hajiya Rakiatu, yana cin tuwonta, yana wuni a kan benci a bakin lungu da waya a hannu, yana raba wa mutane shawarar da ba su roƙa ba.

Da ciki kaɗai ke damunsa, da har yau yana kan bencin nan hankali kwance. To amma akwai Nasira, tela, 'yar Alhaji Osmanu mai sayar da tayoyi a Oforikrom, wanda gidansa ke can ƙarshen unguwa. Sumana yana son yarinyar nan so na gaskiya, wannan kaɗai ne zancensa da bai ƙara wa gishiri ba. Ita ma surutunsa yana ba ta dariya, ta kuma ba shi izinin ya je ya gaida mahaifinta.

Alhaji Osmanu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wace sana'a kake yi yanzu?"

"Injiniya ne ni, Baba."

"Na gini ko na mota?"

"Na Google."

Alhaji ya ja carbinsa. Can ya ce, "To, zamani ya zo da abubuwa. Ka nuna mini aikin hannunka kafin Babbar Sallah. In na gani da idona, ka turo manyanka da goro. In ban gani ba, akwai masu jira, ni kuwa ba na aurar da 'yata ga benci."

Sumana ya fito yana taku ɗai-ɗai, sai da ya sha kwana ya tuna cewa abin da ya haɗa shi da injiniyanci bai wuce wasu gajerun bidiyo da ya kalla a waya ba, su ma rabi ya gani kuɗin data suka ƙare. Amma wannan bai dame shi ba, domin a gidansu akwai wurin gwaji.

Hajiya Rakiatu tana sayar da man kaɗanya da take sarowa daga Tamale, da sabulun salo. Kafin 'yarta Kausara ta yi aure ta koma Accra, ta buɗe mata shago a intanet, kowane kaya da shafinsa da hotonsa. Cinikin ba na a zo a gani ba ne, amma yana zuwa, matan Accra da Takoradi suna oda, Hajiya tana ɗaurewa ta kai tasha. Kowane shafi yana da take, wato layin nan mai shuɗin rubutu da ke fitowa idan mutum ya nemi abu a Google, wanda shi ake fara gani kafin a danna. Kausara ta rubuta su gajeru. Na man kaɗanya cewa yake: "Man kaɗanya na Tamale, babbar roba, Shagon Hajiya Rakiatu."

Sumana ya karanta wa yayarsa wannan layi a tsakar gida, ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Yaya, wannan take ne ko takardar asibiti? Babu sallama, babu gaisuwa, babu kira. Haka ake tarbar baƙo? Ba ni lambar sirrin shagon nan. Kafin Sallah sai kin ɗauki 'yan aiki."

"Kausara ta ce kada kowa ya taɓa."

"Kausara ta yi jami'a, na yarda. Ta taɓa cika mota? Ni na cika mota a Kejetia ana ruwan sama, motar ma ba ta da gilashi. Google tasha ce, Yaya. Shafi mota ne, take shi ne bakin yaron mota. Wanda ya fi iya kira shi ke tashi da fasinja."

Hajiya mace ce mai tausayin ƙanenta, ta kuma san zancen Nasira. Ta ba shi lambar. Abu na farko da ya yi shi ne ya canza ta, wai don tsaro.

Ya fara da ladabi, domin a cewarsa ɗan Zango ba ya buɗe baki da ciniki. Ya goge taken Kausara kaf, ya rubuta wa kowane shafi: "Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da zafi, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri muna sanar da ku cewa akwai man kaɗanya mai kyau." Ya zauna yana jira, yana gaya wa duk mai wucewa cewa ya gyara intanet.

Da sabon taken ya bayyana, ya tara shaidu. Akwai Abdul-Karim maƙwabcinsu, makanike, wanda ke kiwon wani farin rago a lungu tun bayan azumi. Akwai Maame Serwaa, Ba'ashantiya mai haya a gidan, wadda ta koyi Hausa a bakin famfo, ba ta kuma bar wa kowa magana. Sumana ya miƙa wa Abdul-Karim wayar ya ce ya karanta da ƙarfi.

Abdul-Karim ya karanta: "Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ina gajiya, ina..." Ya tsaya.

"Ci gaba mana."

"Ya ƙare. Ɗigo uku ne suka biyo baya."

Sumana ya fizge wayar. Haka ne kuwa. Wurin da ake ba take ɗan kaɗan ne, layi ɗaya, duk abin da ya wuce nan sai a datse shi. Shafin man kaɗanya yana gaisuwa, shafin sabulu yana gaisuwa, babu wanda ya kai ga faɗin abin da yake sayarwa.

"Wa alaikumus salam," in ji Abdul-Karim. "Gajiya da sauƙi. Sai me kuma?"

Maame Serwaa ta riƙe ƙugu. "Ei, Injiniya! Shago na Hajiya ya gaida mutane paa. Amma me shi yana sayarwa? Gaisuwa?"

"Ku ba ku gane ba. Wannan gwaji ne. Yanzu na san tsawon bakin abin."

Ya koma ɗaki ya fito da dabara ta biyu, wadda ya ce ita ce ainihin sana'arsa. Yaron mota ba ya faɗin Tafo sau ɗaya ya yi shiru, maimaitawa yake har kunne ya ɗauka. Ya rubuta: "Man kaɗanya, man kaɗanya, man kaɗanya, Kumasi, Kumasi, Tafo, Tafo, saura mutum ɗaya." Ya liƙa wannan a kowane shafi, har da na sabulu, domin a ganinsa motocin tasha ɗaya kira ɗaya suke yi.

Da can in ka nemi man kaɗanya a Kumasi, shagon Hajiya yana nan kusa da sama. Yanzu Sumana ya nema, ya ja allo, ya ja, ya shiga shafi na gaba, ya ƙara shiga na gaba, har babban yatsansa ya yi zafi. Shagon ya yi ƙasa can inda ba mai zuwa. Wayar Hajiya, wadda takan yi ƙara da oda, ta yi tsit.

Sai ga kiran Kausara daga Accra. Hajiya ta sa a lasifika, duk gidan suka ji.

"Kawu, me ka yi wa shagon Mma? Na zo shiga, lambar ta ƙi."

"Ina kan aiki ne, 'yata. In ana gyaran mota ba a barin fasinja a ciki."

"Wane gyara? Take ba kiran tasha ba ne. Ka faɗi abin da ke shafin, ka sa shi a farko, ka gajarta, kowane shafi da nasa. Wanda ya nemi sabulu ya ga sabulu. In ka yi ta maimaita kalma ɗaya, sai a ɗauke ka mai cika mutane da hayaniya, a tura ka baya. Ba ni lambar in mayar da shi yadda yake."

"Layin ba ya da kyau," in ji Sumana. "Alo? Alo?" Ya kashe wayar da hannunsa, kowa yana kallo.

Hajiya ta ce, "Sumana, robobi sun taru a ɗaki, Sallah ta matso."

"Ki ba ni 'yan kwanaki, Yaya. In ban kawo miki mutane har ƙofar gidan nan ba, ki canza mini suna."

Gaskiya hankalinsa ya tashi, domin Nasira ta aiko cewa Baba yana tambayar aikin. Da yamma ya je majalisar samari inda ake dafa shayin ataya, ya zauna ba ya ko cewa uffan, abin da ya sa aka tambaye shi ko ba shi da lafiya. Hirar wurin ɗaya ce, ita ce kuma hirar ƙofar masallaci da ta cikin tasi: rago ya yi tsada bana. Wannan ya je kara ya dawo hannu biyu, wancan yana neman wanda za su haɗa su sayi saniya, kowa ya duƙufa a waya yana neman inda za a samu da sauƙi. Sumana ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya miƙe.

Dabarar da ya tuna tsohuwa ce a wurinsa. In mota ta ƙi cika, sai ya kira inda mutane suka fi so, ko motar ba can za ta ba. Su dai shiga tukuna, a hanya a daidaita. Ya zauna ya rubuta take gajere, abin nema a farko, kamar yadda Kausara ta ce, har yana yaba wa kansa cewa shi mai karɓar gyara ne. Ya sa wa wasu shafuka da Hausa, wasu da Turanci: "Ragon Layya mai araha a Kumasi, zo ka zaɓa, aikin Injiniya Sumana." Ya sa sunansa ne don Alhaji Osmanu ya ga shaida. Ya cire lambar wayar Hajiya daga shagon ya sa tasa.

Wannan karon abin ya kama. Babu wani shago da ke da irin wannan take, saboda haka ya hau sama. Wani ya ɗauki hotonsa ya jefa a zauren WhatsApp na masallacinsu, daga nan ya bazu zuwa Tafo da Aboabo da Oforikrom. Wayar Sumana ta fara ƙara ba hutawa.

"Malam, na shiga na ga hoton man kaɗanya. Ina ragunan?"

"Hotunan suna tafe. Ka zo dai ran Asabar da safe."

"Akwai manya?"

"Akwai wuri, akwai wuri. Ka zo dai."

Ya fito tsakar gida yana ɗaga waya sama. "Mu ne na ɗaya! Yaya, ki narka mai, duk wanda kike da shi ki narka. Ran Asabar za ki ga fasinja."

Hajiya ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta ji daɗi ta sa masa albarka. Ran Asabar da sassafe ta narka man kaɗanya, ta jera shi a manyan kwanoni a tsakar gida yana hucewa kafin a zuba a robobi. Tana cikin haka ta ji hayaniya a waje. Ta leƙa, ta ga lungun ya cika maƙil da maza, wasu da igiya a hannu, wasu sun zo da aboboya, keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Ga Sumana tsaye a kan benci yana jawabi.

"Jama'a, a yi layi! Motar tana hanya daga Bawku, ta wuce Techiman."

"Wace mota?" in ji Hajiya.

Ya sunkuyo ya yi mata raɗa. "Yaya, ga su na kawo miki. Fito da man, yanzu za a daidaita."

"Me ka ce musu ina sayarwa?"

"Rago. Amma wannan kira ne kawai."

Hajiya ta dafe bango ta yi salati. Sumana bai jira ta ba, ya ɗauko roba ɗaya ya ɗaga.

"Kafin motar ta iso, jama'a, wa ya tanadi man shafawa? Sallah da kaushi ba ta yi. Wannan na Tamale ne, mai kyau!"

Wani dogo mai igiya a wuya ya ce, "Daga Tafo na taso ban karya ba. Man kaɗanya zan kayar in yanka ranar Sallah?"

"Ka nuna mana ko ɗaya mu gani," in ji wani. "In babu ka faɗa."

"Ko ɗaya! Ko ɗaya!" Lungun ya ɗauka.

Maame Serwaa ta leƙo ta taga. "Injiniya, rago yana ina? Ni ban gani rago kuraa, ko ɗaya, a gida nan. Kaza ma babu."

Ido ya raina fata. Sumana ya waiga, idonsa ya faɗa kan farin ragon Abdul-Karim da ke ɗaure a gindin bango yana tuƙa, mai shi kuwa ya fita sayen dusa. Ya diro daga benci, ya kwance shi, ya jawo shi gaban jama'a.

"Ga samfur! Wannan shi ne ƙaramin cikinsu."

Ai kuwa sai aka yi kansa. Dogon nan ya kama ƙaho ya ce shi ya fara zuwa. Wani gajere ya kama ƙafar baya ya ce shi ya fara bugo waya. Na uku yana ɗaga wutsiya yana duba ƙiba, na huɗu yana buɗe masa baki. Sumana yana ihu cewa samfur ba na sayarwa ba ne, ba mai jinsa. Ragon da ya saba da dusa da lallashi bai taɓa ganin irin wannan wulaƙanci ba. Ya tattara ƙarfinsa ya fizge, ya tunkuyi gajeren a ciki, ya ga ƙofa a buɗe ya faɗa gidan Hajiya. Jama'a suka bi shi.

Kwano na farko ya tuntsure, na biyu ragon ya taka a ciki ya fito, na uku dogon ne ya yi ƙwallo da shi. Mai ya malale a kan siminti daga bakin madafa har zaure. Duk wanda ya shigo da gudu sai ƙafafunsa su riga shi gaba. Dogon ya zame ya rungumi turmi. Gajeren ya tashi, ya faɗi, ya tashi, ya haƙura ya zauna. Ragon kansa yana gudu a wuri ɗaya, ƙafafu huɗu kowace da inda ta nufa. Hajiya tana tsaye a ƙofar ɗaki, hannu biyu a ka, tana kallon jarinta yana bin magudanar ruwa. Maame Serwaa tana ta taga tana ba da umarni da yarensu na Twi da Hausa, ba mai bi.

Sai ga Abdul-Karim da buhun dusa a kafaɗa.

"Wa ya kwance mini rago? Sumana! Ragona kake sayarwa?"

"Aro na yi, maƙwabci, aron talla!"

"Aro? Ka tambaye ni?" Ya yar da buhun ya yi kan Sumana, santsi ya kwashe shi, ya wuce Sumana ya je ya cafke ragonsa a gindin famfo, suka zube tare.

Daidai nan aka yi sallama a zaure, sallama mai nauyi irin ta manya. Alhaji Osmanu ne cikin farar babbar riga mai sitaci, da abokansa biyu na sahun gaba a masallaci. An turo masa hoton taken a waya, ya yi wa abokan alkawarin ya samo musu inda ake araha, har ya ɗauko aboboya da kuɗinsa. Bai taɓa taka lungun ba, bai san gidan wa ya shigo ba.

"Baba, tsaya!" in ji Sumana.

Alhaji ya riga ya ɗaga ƙafa. Takalmin ya tafi, Alhaji ya bi shi, ya zauna daɓas a tsakiyar mai, hularsa ta gangara gefe. Abokansa suka tsaya a zaure suka riƙe juna, babu wanda ya yarda ya matso.

Alhaji bai yi ƙoƙarin tashi ba. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya goge ta da hannun riga, ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali: "Ragon Layya mai araha a Kumasi, zo ka zaɓa, aikin Injiniya Su..." Ya ɗaga kai. "Nan rubutun ya yanke. Tun a gida nake tambayar kaina, wane ne Injiniya Su?"

"Sumana!" Gidan ya amsa baki ɗaya, har da na kan taga.

Wani mai hankali da ya nemi ƙofar baya. Sumana kuwa sai ya gyara wuyan riga, ya matso yana taka ƙasa a hankali, ya durƙusa.

"Baba, ka ce in nuna maka aikin hannuna. Dubi jama'ar nan. Daga Tafo, daga Aboabo, har kai kanka daga ƙarshen unguwa. Layi ɗaya na rubuta, duk kuka zo. Wane injiniya ne zai iya wannan a Kumasi?"

"Ragunan fa?"

"Wannan wani sashe ne daban, Baba. Ni ɓangaren kira nake."

Kafin Alhaji ya amsa, Nasira ta shigo tana haki, da zare a jikin mayafinta. Ta ga hoton a wayar ƙawarta, ta gane lambar wayar da ke jiki, ta bar keken ɗinki ta tari tasi don ta tare mahaifinta, ba ta cim masa ba. Ta cire takalmi, ta bi gefen bango, ta kama Alhaji ta tayar da shi. Bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf da mai. Ta ɗauko hular ta sa masa, sannan ta juyo ta dubi Sumana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sumana, ɗakin da ka ce ka kama mana a Tafo, akwai shi, ko shi ma yana hanya daga Bawku?"

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya duba ƙasa.

"Yoo," in ji Nasira. "Na ji." Ta riƙe hannun mahaifinta suka fita, mutane suna darewa suna ba su hanya.

Hajiya ba ta zage shi ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta miƙa masa waya ta ce ya faɗa wa Kausara lambar sirri, ya faɗa. Ta miƙa masa tsintsiya da toka da bokiti. Kausara ta mayar da kowane take yadda yake a ranar, amma ta ce sai an ɗan jira kafin sabon ya bayyana, hoton da ya bazu a waya kuwa ba mai iya janye shi. Haka mutane suka yi ta zuwa da igiya har jajibirin Sallah. Hajiya ta ce wanda ya kira su shi zai sallame su. Sumana ya koma bencinsa, aikinsa daga safe zuwa yamma shi ne ba baƙi haƙuri da shan zagi. Ya kira Nasira ba ta ɗauka ba, ya aika saƙo ba ta buɗe ba. Abin ya ci shi ƙwarai, har tuwon Hajiya ya fara ragewa a kwano.

Bayan Sallah, wata Juma'a da la'asar, wata tasi ta tsaya a bakin lungu. Dattawa uku suka fito cikin manyan riguna suna waige-waige. Sumana ko ɗaga kai bai yi ba.

"Babu rago, Baba. Kuskure ne aka yi, ku yi haƙuri."

Babbansu ya yi dariya. "Wane rago kuma bayan Sallah? Mu daga Tafo muke, lungunan nan sun rikita mu. Ko ka san gidan Alhaji Osmanu mai tayoyi?"

Sumana ya ɗaga kai. A kujerar baya ta tasin akwai kwando an lulluɓe shi da ganye, jan goro da fari suna leƙowa ta gefe. Ya gane goron neman aure ne. Ya san hanyar da zai nuna musu su faɗa cunkoson Kejetia su kai magariba ba su fita ba, har ta zo masa baki. Ya haɗiye ta. Ya miƙe ya nuna musu da hannu: su miƙe har famfon unguwa, su yi dama, su wuce mai wake da shinkafa, gida mai koren ƙyaure.

"Madalla, Allah ya yi maka albarka." Dattijon ya zaro goro ɗaya daga kwandon ya danƙa masa. "Ga naka, ka taya mu addu'a. Yaron namu mai walda ne kawai, mun ma fid da rai, don an ce wani injiniya na unguwar nan ya riga mu. Sai ga shi an aiko mu zo. Ko ka san shi, injiniyan?"

Sumana ya dubi goron da ke tafin hannunsa.

"Ban san shi ba, Baba," ya ce. "Ku yi sauri kada Alhaji ya fita masallaci."